Kwanon Faten da Ya Ci Mana Sati Goma Sha Ɗaya

Sati goma sha ɗaya yayana Hidde ya jira a ɗauki hoton maƙoshinsa, aka koro mu daga asibiti cikin minti huɗu saboda kwanon fate. Ni na dafa faten, ni na tsaya a kansa sai da ya shanye. Ban musa ba. Amma ku saurara kafin ku yi dariya.

Hidde shekararsa sittin da uku. Talatin daga ciki ya yi su a ɗan ɗakin katakon nan na bakin gadar garinmu, yana ɗaga ta idan jirgin ruwa zai wuce, yana sauke ta. Mutum ne marar magana, sai ɗaga hannu. Da matarsa ta tafi ta bar shi sai ya kama giya, kamun gaske. Wata Laraba barci ya kwashe shi gada tana sama, motar gawar tsohon mai gidan burodi ta tsaya a ƙetare kusan awa guda, masu rakiya suna tsaye a ruwan sama. Daga ranar bai ƙara kai kwalba baki ba. Shekara goma sha tara ke nan.

Tun lokacin gaisuwarmu ta canza. Duk Lahadi in na jingine kekena a ƙofarsa sai in ce, "Nuchter?" Ya ce, "Nuchter, Auta." A gidanmu ma'anar kalmar ɗaya ce tak: ba giya a kai.

Bara abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Burodi da cuku suka gagara, sai dankali ma ya gagara, ya koma fate da madara. Ya huda sababbin ramuka biyu a bel ɗinsa da ƙusa, yana zaton ban gani ba. Likitan unguwa ya ce za a ba shi farin ruwan nan mai kauri kamar fenti ya sha, a bi shi da hoto a ga inda yake maƙalewa.

Takarda ta zo. Ni ce mai karanta takardun gidanmu, don ni kaɗai na gama sakandare, kuma ba wanda na bari ya manta da hakan. Aka rubuta: ƙarfe tara, ka zo nuchter. Raina ya ɓaci nan take. Na ce wato har yanzu suna riƙe da tsohon fayil ɗinsa.

Ranar zuwa asibitin da safe, da na ajiye masa kwanon fate, Hidde ya ce, "Auta, anya ba cewa suke kada in ci komai ba?"

Na ce, "Yaya, kai ka yi makaranta ko ni? Mutum yana ramewa kamar sandar shara za a ce kada ya ci? Buɗe baki."

Ya buɗe. Na ƙara masa da gahawa. A wurin ajiye motoci har sai da na sa ya hura min numfashinsa in tabbatar ba warin giya, don in shiga da gaba gaɗi.

Mai ɗaukar hoton, wata doguwar mata da ƙwarya-ƙwaryar furfura, ta riga ta kaɗa farin ruwan a kofi. Ta ce, "Baba, nuchter kake dai ko?"

Ban bari ya amsa ba. Na ce, "Shekara goma sha tara, baiwar Allah! Ko ɗigo! Ku je ku tambayi duk garin!" Da ƙarfi na faɗa, ƙofa kuma a buɗe, mutum takwas a kan benci. Abin da Hidde ya yi shekaru yana binnewa, na tone shi tas kafin ya cire hula.

Matar ta dube ni, ta dube shi. "Madalla. Me ka ci da safen nan?"

"Fate," in ji Hidde. "Da gahawa. Shugabar makarantarmu ce ta ba da umarni."

Ta ce idan akwai abinci a ciki hoton ba ya fita, kuma in ya shaƙe abin yana iya komawa huhu. Ta zubar da farin ruwan a gabanmu. Na ji kamar jinina ta zubar.

E, na sani. Ko yaron firamare ya san nuchter a takardar asibiti ciki wayam ake nufi. Na kuma san ma'ana ta uku, wadda mu 'yan arewacin ƙasar nan muke tinƙaho da ita, wato mutum mai sanyin kai da ba ya hayaniya. Cikin ukun na zaɓi wadda ba ita ba, na kuma nuna wa jama'a ba ni da ta ƙarshen.

A mota Hidde ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ni gawa na tsayar awa ɗaya, ke kin tsayar da mai rai." Ban yi dariya ba, don sabuwar ranar da suka ba mu sati bakwai ce nan gaba, kuma jiya ko faten sai da ya dawo.

Wautata tawa ce, na ɗauka. Amma da na koma na yi ƙorafi, aka ce ai cikakken bayani yana cikin ɗan tambarin nan mai kama da kashin ƙuda da ake haskawa da waya. Wayar Hidde mai maɓalli ce. Takardar tana da fili rabin shafi, fari fat.

Don haka ku shugabannin sashen hoto, abu biyu nake nema. Ku rubuta da manyan baƙaƙe: kada ka ci, kada ka sha, daga ƙarfe kaza. Sannan duk wanda ya fasa zuwa a satin nan, ku ba yayana gurbinsa. Zan kawo shi cikinsa wayam, ni kuma bakina a rufe. Bel ɗin nan ba sauran wurin rami na uku.