Mai Gadin Bugu Na Biyu

Daga inda take sayar da shayi a zauren taron masu wasannin kan tebur na birnin Toruń, Grażyna tana kallon wani mai furfurar gemu, tumbinsa ya banƙare baƙar riga mai hoton dodo da wanki ya koɗar. Shi kaɗai ne a teburinsa. Ya jera littattafan dokokin wasan jarumai da dodanni bugu na biyu, waɗanda shaguna suka daina saro su tun tana budurwa, yana ta juya ɗan ludo a tafin hannu. Teburan sabon bugu kuwa sun cika maƙil, sai shewa ake yi. Yana hararar su yana tsaki. Grażyna ta tabbata haka yake wa matarsa a gida, in har ba ta gudu ba.

Wata budurwa ta tsaya a gabansa.

"Baba, za ka koya mini?"

"Da wane bugu kika fara?"

"Sabon."

"Ashe ba ki taɓa wasa ba. Wancan ai na yara ne, jarumi ko mutuwa ba ya yi."

"To, akwai mai zama a kujerar nan?"

"Babu."

Ta sunkuci kujerar, ta nufi teburin yaran da ita.