Kitson Gimbiya Tasalla

A unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo aka haifi Uwani. Kakanta ne ya zo Jalingo daga Zariya da keken ɗinkinsa, shi ya sa har ta girma ana tsokanarta da Bazazzagiya, ita kuwa ko hanyar Zariya ba ta sani ba. Ba ta gaji allura ba. Tun tana ƙarama hannunta a kan mutane yake, ta tsefe na ƙannenta ta kitsa, ta kamo 'ya'yan maƙwabta. Da ta auri Sada mai gyaran babur, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, kitso ya zama sana'arta.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Dokas, 'yar Mumuye daga Iware, mai sayar da doya, wadda ake kira Maman Hope. Dokas a coci ta koyi karatun Hausa, kuma Allah ya ba ta murya. Ƙanin Sada, Ukasha, mai sarin atamfa a Kano, yakan taho wa Uwani da littattafan hikaya. Da yake hannuwanta kullum suna cikin gashi, Dokas ce ke karantawa in ta dawo daga kasuwa, ita tana kitso, masu jiran layi suna sauraro.

Cikin littattafan akwai wanda suka fi so, Kada Mai Fukafukai. Labarin Gimbiya Tasalla ne, wadda aljanu suka sace wa garinsu kogi, ta hau wani kada mai tashi sama ta je ta ƙwato shi. A ƙarshe kadan ya mutu wajen kare ta. An karanta shi har bangon ya rabu, Uwani ta sa aka ɗinke da zare. Duk lokacin da aka zo mutuwar kadan sai muryar Dokas ta shaƙe, ta ce hayaƙin murhu ne.

A ƙarshen daminar 1998 Ukasha ya dawo daga Kano, ya miƙa wa Uwani kaset ɗin bidiyo yana murmushi.

"Yaya, ga kadanku an yi fim ɗinsa."

Uwani ta saki kan da take kitsawa, ta leƙa ta katanga. "Maman Hope! Fito ki gani!"

A duk layin, Nehemiya mijin Dokas ne kaɗai mai bidiyo. Ranar Asabar da rana falonsu ya cika da mata, wasu a ƙasa, wasu a taga. Har Aisatu mai nono, wadda ke tahowa daga wajen Sunkani, ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa ta kutsa.

Da farko kowa ya zuba ido. Gimbiya ta fito, kyakkyawa, aka yi ta guɗa. Sai aka zo wurin kada. Abin da ya fito daga ruwan, mutum biyu ne a ƙarƙashin tamfol mai koren fenti, an liƙa masa fukafukan kwali. Na bayan ma silifa ne a ƙafarsa.

Aisatu ce ta fara fashewa. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana nuna silifan ta kasa magana. Falon ya kece da dariya. Dokas kaɗai ta haɗe rai.

"Wannan ne kadana?" in ji ta. "Wanda in ya buɗe fiffike rana take ɓacewa? Wannan ai buhun gawayi ne!"

"Ki yi haƙuri, Maman Hope," in ji Uwani tana share ido, "a ina za su samo mai tashi?"

Ba a nan abin ya tsaya ba. Gimbiya ta tsaya a tsakiyar yaƙi ta rera waƙa, 'yan mata suka kama amshi tun kafin a kai baiti na biyu. A ƙarshe kuma kadan bai mutu ba, ya rikiɗe ya zama saurayi ya auri Gimbiya. Rabin falon suka tafa. Dokas ta miƙe ta ce ba za ta sake kallon wannan ƙarya ba, ta fita tsakar gida, amma tana iya jiyo komai daga inda ta zauna.

Uwani kuwa wani abu daban ta gani. Akwai wurin da iska ta ɗauke ɗankwalin Gimbiya, kitsonta ya bayyana: layuka sirara sun taso daga goshi suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Da mutane suka watse ta roƙi Nehemiya ya mayar da kaset ɗin wurin, ya tsayar da hoton. Hoton na rawa, ita kuma ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana bin layukan da yatsa.

Matsalar ita ce gaba da gefe ɗaya kawai aka nuna. Gimbiya ba ta juya baya ba ko sau ɗaya. Uwani ta yi kwanaki tana juya abin a ranta, har ta yanke shawarar ta haɗe layukan a ƙeya, ta saƙa su hawa-hawa kamar jelar kada.

Saura kan gwaji. Ta sami Dokas tana jera doya, ta roƙe ta ta ba ta aron kanta.

"Ni? Kitson wancan fim ɗin? Allah ya kiyaye."

"Gaban ne nasu. Bayan na kadan littafi ne, na gaske, wanda ya mutu."

Dokas ta kalle ta, sannan ta kwance ɗankwali.

Washegari Dokas ta zauna a kasuwa kai a buɗe. Ba ta sayar da doya da yawa ba, don duk wadda ta tsaya, juya ta take yi tana duba ƙeya. Kafin mako ya zagayo gindin mangwaro ya kasa ɗaukar mutane. Shekarar nan Kirsimeti da ƙaramar Sallah sun zo kusa da juna, Uwani ta gama da matan mawaƙan coci, ta shiga 'yan matan Sallah, yatsunta har suka kumbura. Sada ya yi ta gunaguni cewa ya koma cin abinci a tasha, amma shi ne ya kafa mata rumfar kwano ya ƙera benci.

A rumfar nan gardama ba ta ƙarewa. Akwai 'yan littafi, shugabarsu Dokas, akwai 'yan fim masu cewa ai gara da kadan ya rayu ya yi aure, wa ke son kuka? Aisatu ba ta bin kowa, ita dai a sake nuna mata silifa. Uwani ba ta shiga. Sai dai ta danna kan da ke gabanta ta ce, "Ki daina juyi, ko layin ya karkace."

Ta koya wa mata da dama kitson, wasu suka buɗe nasu wuraren a cikin gari, ba ta taɓa jin haushi ba. Bayan 'yan shekaru Nehemiya ya bar aiki, suka koma Iware noma. Ranar da motar kaya ta zo, Uwani ta yi kukan da ba ta yi niyya ba. Amma Iware ba nisa. Duk sanda Dokas ta kawo doya Jalingo, sai ta zaɓi manya biyu ta ajiye wa Uwani gefe, ta biyo Mayo Gwoi da yamma, ta zauna a benci ta miƙe ƙafa, su yi ta hira har motar ƙarshe ta kusa tashi.