Allurar da Aka Yi Mini a Hanyar Gumel

Ranar kasuwar Maigatari ce. Na je neman ragon sunan ɗan ƙanena, ban sami wanda ya yi mini ba, sai na shiga motar haya bayan azahar don in koma Gagarawa, inda nake koyarwa a firamare. Kusa da ni akwai wata mata 'yar Ɗanzomo, ta ɗora 'yarta a cinya. Yarinyar ba za ta wuce shekara biyar ba, tana ta ɓare gyaɗa tana zuba mini ɓawon a riga, uwar tana ba ni haƙuri.

Direba ya zo wuce wata tirela, tayar gaba ta fashe. Abin da na sani kawai, na ga sama a ƙasa, sannan na tsinci kaina kwance cikin gonar riɗi, ƙafata ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Ban taɓa sanin ina da irin wannan murya ba. Ni da nake tsawata wa yara idan sun yi kuka don faɗuwa a filin makaranta, sai ga ni ina kurma ihu, ina kiran mahaifiyata da ta rasu tun ina saurayi. Manoma suka zagaye ni, wani na yi mini fifita da malafa, wani na cewa in yi salati.

Motar asibiti ta iso da ma'aikacin lafiya guda ɗaya, wani dogon mutum mai furfura a gemu. Sauran fasinjoji ƙurjewa kawai suka yi. Ni da yarinyar aka saka a ciki, tare da uwarta. Hannun yarinyar ya karye a ƙasan gwiwa, ya lanƙwashe. Ba ta yi ihu ba. Ta dai cusa fuska a ƙirjin uwarta tana wani ɗan nishi.

Ma'aikacin ya duba numfashina, ya auna jinina, ya ce, "Malam, yaya zafin yake?"

Na ce, "Mutuwa zan yi! Don Allah ka taimake ni!"

Ya fasa wata 'yar kwalba, ya yi mini allura, sannan ya ɗaure ƙafar da katako. Kafin mu yi nisa sai na ji ciwon yana janyewa. Bai tafi duka ba, amma ya koma can gefe. Jikina ya yi sanyi, na saki ajiyar zuciya. Wallahi daɗi na ji.

A cikin wannan daɗin ne na ji muryar uwar.

"Likita, ita ma a yi mata irin tasa mana."

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ta manya ce, tana da ƙarfi. Ta yara sai an san nauyinsu, ga shi ba ni da ma'auni a motar nan. In na zarce, numfashinta zai iya tsayawa a hanya."

"To na sha fa?"

"Kada ta sha komai tukuna, wataƙila a shiga da ita tiyata."

Ya yage kwali ya tallafe hannun, ya naɗe da bandeji. Ya nuna wa uwar yadda za ta riƙe gwiwar kada ta motsa, ya roƙi direba ya bi ramuka a hankali. Ya durƙusa yana yi wa yarinyar hira, yana tambayarta ko tana da akuya a gida. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce, "Inna," a hankali, sau ɗaya, ta yi shiru.

Ina jin duk wannan. Na so in ce wani abu, amma bakina ya yi nauyi, idona yana rufewa. Barci na yi. Babba da ni, mai 'ya'ya, na yi barci a gefen yarinyar da ƙashinta ke gogar juna har Gumel.

An yi mini aiki a cinya, na daɗe a kwance. Likitan da ya duba ni ya ce karayar cinya ba wasa ba ce, allurar ta dace da ni, kuma ko ban karɓa ba, ba za a yi wa yarinyar ita ba. Na gane bayaninsa sarai. Bai hana ni jin nishin nan duk lokacin da ɗakin ya yi tsit ba. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne, ni na fi ta ƙara, ni aka fara dubawa.

Ranar da aka sallame su, uwar ta biyo ta ɗakin maza riƙe da lafiyayyen hannun 'yarta. Ɗayan yana cikin filasta, an rataye shi a wuya da ɗankwali.

Ta ce, "Sannu Malam, ya jiki? Ai kai ka fi kowa shan wahala ranar nan. Ihunka har yanzu yana kunnena."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba gori a ciki. Na rasa inda zan sa idona. Na dubi yarinyar na ce, "'Yan mata, ya yi zafi sosai a mota?"

Ta gyaɗa kai.

"Me ya sa ba ki yi kuka ba?"

Ta leƙi uwarta, sannan ta ce, "Kai kana yi. Na ce kada mu yi yawa."

Uwar ta yi dariya, ta yi mini addu'a, suka fita don kada su rasa motar Ɗanzomo. Matata ta shigo da kwanon kunu, ta tarar na juya fuska bango. Ta tambaye ni ko ƙafar ce, ko ta kira nas. Na ce mata a'a, ta bar nas ta yi aikinta.