Neman gizo-gizo ɗan fashi a ɗakin Gwaggo

Maraɗi

Daga sallar asuba muka bar tasha, ni da malamata ta jami'a, Madam Hadiza. Muna yin taswirar wuraren da ake samun gizo-gizo ɗan fashi, kuma gurbin Dakoro kaɗai ya rage. Shi wannan ba ya saƙa yana. Sai ya je ta wani ya girgiza kamar ƙuda ya faɗa, mai gida ya fito da murna, ya cinye shi. Bara na ga irinsa can Dakoro, a rufin ɗakin Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, amma sai an kama shi an duba ƙayoyin ƙafafunsa na gaba ake sanin jinsinsa.

A waya ban iya ce wa Gwaggo gizo-gizo nake bi ba. Ni da dangi ke jira in zama likita! Cewa na yi zan zo da babbar baƙuwa, aikin jami'a.

Adjekoria

A shingen bincike jandarma ya ɗaga jakata, kwalaben da za mu sa gizo-gizo a ciki suka yi ƙara.

"Turare kike saidawa?"

Na ce e. Madam ta dube ni, ta ci gaba da cin ƙosanta.

Dakoro

Kafin azahar kabu-kabu ya sauke mu ƙofar gida. Na shiga ɗakin, na ɗaga kai. Azara fes, bango ya sha sabon yaɓe, ko zare ɗaya babu. Gwaggo kuwa idonta ɗaya ja wur. Turmi ta taka ta share rufin, ƙasa ta zubo mata.

"Baƙuwar jami'a ba ta kwana ƙarƙashin yana," in ji ta.

Madam ta sha fura da nonon da aka kawo, ta yaba. Da Gwaggo ta tambayi aikin da ya kawo mu, ta faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan. Gwaggo ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, kwana ukku ina korar abin da kuka zo biɗa? Mi ya hana ki hwaɗi? Aikinki kika ji kumya, ko mu kika ɗauka ba mu ganewa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Har muka yi bankwana ban iya haɗa ido da ita ba.

Gida

Washegari da la'asar muka iso Maraɗi lafiya, kwalabe wayam. Godiya ga Allah, da Madam da ba ta ce mini uffan ba a hanya, da Gwaggo. Ta aiko a gaya mini ta hana kowa taɓa rufin har in dawo, kuma idon bai warke ba.