Dalilin da Babu Gurbinsa a Fom

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Yila ya ƙi karɓar manhajar bankinmu ba. Nauyin da aka ɗora mini a reshenmu na Gombe a fili yake: in saka wa abokan hulɗa manhajar a wayoyinsu, wanda ya ƙi kuma in rubuta dalilinsa na gaskiya a fom ɗin da hedikwata ta aiko. Gurbi huɗu ne a ciki: tsoron 'yan damfara, rashin sabis, rashin babbar waya, da rashin ilimi.

Baba Yila tsohon hedimasta ne da ke zaune a unguwar Federal Low-Cost, yana cikin 'yan fanshon da ke cika mana layi duk ƙarshen wata. Wayarsa ma ta fi tawa.

"Baba, ko 'yan damfara kuke tsoro?"

"Ɗana, shekara talatin ina kama masu satar amsa. Wa zai damfare ni?"

"To, sabis ne babu a unguwarku?"

"Da shi nake ganin jikokina na Jos kullum."

Na riƙe biro, na rasa inda zan ɗora shi. Sai ya ce, "Ina Malam Bappa?"

Malam Bappa tsohon direba ne a Tudun Wada, kuma shi ne ɗan fansho na farko da na shawo kansa ya karɓi manhajar, har manaja ya yaba mini a taron safe. Na amsa da cewa ai yana gida ya huta da layi.

"Yana asibiti," in ji Baba Yila.

Ya bayyana mini cewa su 'yan layin suna da tsarinsu. Ranar fansho sukan duba fuskokin juna, duk wanda ba a gani ba, kafin la'asar an tura mutum biyu a keke su buga masa ƙofa. Da ba a ga Malam Bappa ba a watan da ya gabata, kowa ya ce ai ya koma waya, ba a tura kowa ba. Ashe da safiyar ranar fanshon ya faɗi a ɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Sai bayan kwana biyu mai kai masa ruwa ya leƙa.

"Layin nan da kake son raba mu da shi, nan muke kiran suna," ya ce. "Ranar da wayarku ta iya buga ƙofa, ka neme ni."

Kaina ya ɗaure. A horon da aka ba mu, layi wahala ce da muke cire wa tsofaffi, kuma gaskiya ne, na sha ganin masu jiri a cikinsa. Amma har yau ban san ko alheri na yi wa Malam Bappa ba. Na rubuta dalilin Baba Yila a gefen fom ɗin kamar yadda ya faɗa, na sa hannu.

Washegari manaja ya kira ni.

"Malam Sale, kwamfuta ba ta karanta gefen takarda. Zaɓi ɗaya."

"Yallaɓai, babu wanda ya dace."

Sai ya karɓi birona ya yi maki a gurbin rashin ilimi, a saman sa hannuna. Haka aka aika: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da karatu ya shiga kundinmu a matsayin marar ilimi, kuma da sunana a ƙasa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani ba kowane mai ƙin waya ne bai fahimce ta ba. Wani ya fahimci abin da mu ba mu tambaya ba.

Kwafin fom ɗin yana wurina. Ina roƙon hukumar banki, cikin girmamawa, da ta goge makin nan daga sunan Baba Yila, ta ƙara gurbin da mutum zai faɗi dalilinsa da bakinsa. Ina kuma roƙon a bincika: tsofaffin da muka cire daga layi, wa yake buga musu ƙofa yanzu?