Simintin Baba Horace

Clive Thurlow ba ya neman shawarar kowa a kan dutse, kuma da gaskiyarsa. Shekara talatin yana gyaran tsofaffin gine-gine a nan yankin Norfolk na ƙasar Ingila. Ni da nake kaɗa ƙararrawa a cocinmu tun ina budurwa, ban taɓa ganin ya dafa bango ya faɗi abin da bai tabbata ba.

Cocin namu na Angalika ne, hasumiyarsa zagayayya, ta haura shekara ɗari tara. Da duwatsun gona magina na farko suka ɗora ta, suka haɗa su da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Daga baya aka ƙara shirayi, aka faɗaɗa tagogi, kowane zamani ya bar hannunsa. A 1964 mahaifin Clive, Baba Horace, ya liƙe bangon arewa da siminti. Ƙauye ya yaba, shi kuma bai daina ba da labarin ba, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Bara bangon ya fara zubar da gari ta ciki, warin danshi ya hana mutane zama a layin baya. Rabaran ta kira Clive. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya sansana. Ni ya fara gaya wa a gindin hasumiya: farar ƙasa tana barin ruwa ya fita, siminti kuwa tsare shi yake a ciki. Aikin ubansa ne ke ruɓar da bangon, kuma sai an farfashe shi kaf. Tsohon yana da shekara tamanin da takwas, ba abin da ya rage masa na alfahari sai wannan bango. Tausayinsu ya kama ni su biyun.

Na ce ya ɗora laifin a kan indararo mana, wa zai gane? Ya harare ni kamar na ce ya saci kwanon baikon coci.

Kafin ya kai wa kwamitin coci rahoto, ya turo tsohon a keken guragu har gaban bangon, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Baba Horace ya saurara yana tsotsar alewarsa ta na'ana'a.

"Ka gama wa'azin?"

"Na gama, Baba."

"Shekara talatin kana aiki, sai yanzu ka gani? Ni tun damina ta biyar na sani. Kunya ce ta rufe min baki. So na yi in mutu tukuna."

Tsohon ya nuna ƙasan taga da sandarsa, ya ce nan simintin ya fi kauri, ranar sauri yake yi. Sannan ya miƙa hannu ga gudumar da Clive ke riƙe da ita.

"Ba ni gudumar nan, yaro. Ni zan fara."