Haladu Mai Kiwon Kwalabe

Kawuna Haladu bai taɓa wuce dabba a ɗaure bai duba igiyarta ba. Turkar shanu yake yi a Sabon Garin Wudil, har shekarun da kuɗin mai suka ruɗa ƙasa, aka shiga ɗaukar ma'aikata ko ba a san me za su yi ba. Shi gadin kwalabe ya samu.

Wani malamin jami'a, Dakta Ƙasimu, ya ɗebo ruwan kududdufi daga bakin kogi, ya cika kwalabe arba'in, ya toshe, ya jera su a taga. Ya ce akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, wai bakteriya, masu rayuwa da haske kamar ganye. In sun samu yadda suke so, ruwan zai yi ja.

"Baba, sai bayan wata guda. Kada ka buɗe ko ɗaya."

Kawu ya ce to. Amma abin ya tsaya masa a rai. Mai rai, a toshe, ba iska? Gobe kiyama ai shi za a tambaya, tunda shi aka bar wa amana. Don haka kullum da hantsi sai ya cire murafu, ya girgiza, ya yi musu fifita da mafici. Har dusa ya so zuba musu, matarsa Murja ta hana.

Wata ya cika, ruwa bai ko sauya ba. Sai kwalba ɗaya da murfinta ya cije ya gagare shi, wadda kullum yake roƙonta gafara. Ita ce ta yi jawur.

Da Dakta ya dawo ya ji abin da Kawu ya yi, sai ya dafe kai, don halittun nan ba sa yin ja in da iska. Ya ce masana suna zargin akwai wani sinadari, wai furotin, iri biyu a jikin halittun, ɗaya riƙe da ɗaya. Da iska ta shiga sai ya sake shi, wanda aka saki kuma ya je ya danne ƙwayar halittar da suka gada, wadda ke sa su yin launi.

Wallahi na ji tausayin Kawu, wata guda yana cutar da su da alheri. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, su nawa ne a kwalba ɗaya?"

"Sun fi mutanen Najeriya yawa, Baba."

Kawu ya bi kwalaben da kallo. Ya ciro makullin ɗakin kwalaben daga aljihu ya miƙa masa.

"Nemi wani, ɗan nan. Shanu biyu ma da ƙyar nake sa ran fita haƙƙinsu."